Sunan Da Na Manna A Bayan Babur

Hantsi ne, amma garin kamar magariba, don tun asuba hadari ya zauna a saman Mando, ya ƙi zuba ya ƙi tafiya. Ina kwance rigingine a kicin ɗin Mama Lami ina fama da wani bututu da tsatsa ta cinye, sai na ji muryarta daga tsakar gida.

"Ja'afaru, fito ka gaya min wanda ya yi maka wannan rubutu."

Ga wanda bai san ni ba, gyaran famfo ne sana'ata. A Unguwar Kanawa aka haife ni, karatuna kuma bai wuce ƙaramar sakandare ba, daga nan na bi maigidana na koyi aikin hannu. Ita Mama Lami tsohuwar nas ce, a Ingila ta yi karatun jinya tun ba a auri uwata ba. Yanzu ta ajiye aiki, sai kiwon kaji da faɗa da masu kawo wuta. In famfonta ya yi tari, ni take kira.

Na fito ina goge hannu da tsumma. Na same ta tsaye a bayan babur ɗina, ta sauke tabarau zuwa kan hanci, tana nuna jan rubutun da ke manne a ƙarfen bayan taya. Haruffa shida ne manya: SKIVVY.

Na yi murmushi, har da ɗan gyara tsayuwa. "Ai laƙabina ne, Mama. Sikibi. A gidan surukaina aka raɗa min."

"Surukanka."

"E, in Allah ya yarda. Asabar ɗin nan Kawu Sabo zai kai gaisuwa."

Ta jawo kujerar roba ta zauna. "Ba ni labari tun daga farko."

Ku ma bari in ba ku yadda na ba ta. Yarinyar da nake nema sunanta Ilham, a Malali gidansu yake, ta gama jami'a tana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Gyaran tanki ne ya fara kai ni gidan, Allah kuma ya haɗa jininmu. Mahaifinta ya rasu, babban ma'aikacin gwamnati ne, kuma sunansa Alhaji Ja'afaru. To kun san halin iyayenmu mata. Mami, mahaifiyar Ilham, tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, yana raye ko bayan ransa. Don haka ni ma ba ta iya kama nawa. "Mai sunan Alhaji" take ce min. In ta faɗa, har cikin raina nake jin daɗi, don da wata irin murya take faɗa, mai taushi.

Sai Fahad ya dawo daga Ingila. Shi ne yayan Ilham, ya je ƙaro karatu ya dawo da digiri na biyu da gajeren wando. Wata rana ina tsakar gidansu na naɗe hannun riga ina feɗe ragon layya, Mami ta leƙo ta ce, "Mai sunan Alhaji, sannu da aiki." Fahad yana zaune a baranda ya ɗago kai daga waya.

"Mami, wannan suna ya yi tsawo. Can Ingila akwai sunan da ake ba irinsa. Mutumin da gida ba ya tafiya sai da shi, skivvy ake ce masa."

Mami ta gwada a bakinta. "Si-ki-bi. Kai, ya yi daɗi kuwa, kuma ya dace da shi."

Shi ke nan suna ya kama. Mami ta faɗa, ƙannenta suka ɗauka, maƙwabta suka ɗauka, mai shagon bakin layi ya ɗauka. Ni kuwa daɗi ya cika ni, a ce ɗan boko irin Fahad ya dube ni ya ce gidansu ba ya tafiya sai da ni. Da kaina na roƙe shi ya rubuta min yadda ake rubutawa, na kai wa masu yankan sitika a Kawo suka yanka min da ja.

Da na gama, Mama Lami ta zuba wa rubutun ido. Wata kaza ta zo tana tsattsagar takalminta, ba ta ko kore ta ba.

"Ja'afaru, kai yaron kirki ne, shi ya sa ba zan rufe ka ba. Kalmar nan na san ta, kuma ba a littafi na san ta ba. Da farko dai ba ma sunan namiji ba ne. 'Yar aiki ake nufi. Kuma ba 'yar aikin da ake sakar wa kicin ba, a'a, ta can ƙasa, wadda sauran 'yan aikin ma suke aika. Mai durƙusawa ta goge daɓe, mai kankare gindin tukunya, mai kwashe fo da safe. Aikin da kowa ya yatsine fuska ya ƙi, ita ake kira."

Na ce, "Wataƙila ko akwai wata ma'anar ta yabo, Mama."

"Babu yabo a cikinta ko na ƙwayar gero. Inda za ka fi jin ta a can, a bakin uwa ne in 'ya'ya suka ci abinci suka watsar mata da kwanuka, sai ta ce ni ba skivvy ɗinku ba ce. Ka ga kenan mutum kan faɗe ta ne don ya ture ta daga jikinsa. Amma a dubi idon wani a kira shi da ita, sai in ana son a taka shi." Ta cire tabarau ta goge da bakin zane. "Ina ɗaliba a asibitinsu, da farar rigata da hulata, wata tsohuwa a kan gado ta ce a turo mata nas ta gaske, ba skivvy ba. Har murmushi na yi mata, don ban sani ba. Sai da 'yar ɗakinmu ta fassara min. Ka ga furfurar nan, har yau ban manta fuskar matar ba. Kuma kalmar ta tsufa, ba kowane yaro ke faɗinta ba yanzu. Wanda ya tono ta ya kawo maka, zaɓo ta ya yi."

Jama'a, ni ba mai saurin fushi ba ne. Abokaina har tsokanata suke yi, wai ko an taka ni sai na ba da haƙuri. Amma ranar nan raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma ƙarƙashin wurin wanke-wanken nan na kwanta, sifana a hannu, na kasa ɗaure ko noti ɗaya. Sai lissafi nake. Tankin da na hau na wanke da rana tsaka. Ramin masai da na buɗe da damina, ranar da ya cika ya malalo musu tsakar gida. Tukunyar gas da nake ɗaukowa a bayan babur. Asibitin da nake raka Mami in gwiwarta ta tashi. Ko ruwan sha ban taɓa jira a ba ni ba, don a ganina gidanmu ne. Ashe duk lokacin nan akwai mai zaune a baranda yana kallona yana dariyar da shi kaɗai ya san dalilinta. Kuma bai tsaya nan ba, ya bar ni na ɗauki zagina da kaina na manna a babur, ina zagaya Kaduna da shi, daga Kawo zuwa Mando, daga Mando zuwa Unguwar Sarki, gidajen manyan 'yan boko, ina ajiye musu shi a ƙofar gida suna karantawa.

Ina cikin haka waya ta yi ƙara a aljihu. Saƙo ne daga Fahad.

"Skivvy, in ka taso ka biyo da gas. Masan baƙi ma ya toshe, a gyara kafin Asabar."

Kafin Asabar. Wato kafin ranar da iyayena za su zo neman auren ƙanwarsa, in je in share musu inda za su zaga.

Ban ba shi amsa ba. Ilham na rubuta wa. "Kina gida yau?"

Nan take ta dawo da amsa. "Ina makaranta, sai azahar. Lafiya dai, Jafar? Ka ci abinci?"

"Zan zo bayan la'asar."

"To Allah ya kawo ka. Na yi maka zoɓo."

Na tsaya ina kallon sunan da ta rubuta. Jafar. Sai yanzu na lura, duk gidan nan da unguwar nan, Ilham kaɗai ce ba ta taɓa ce min Sikibi ba, ko sau ɗaya, ko da wasa. Da na ɗauka so ne ya sa ta riƙe nata sunan daban. Yanzu sai wani tunani ya shigo min, na yi ta korarsa yana dawowa.

Na gama wa Mama Lami aikinta na koma gida. Na yi wanka, na ajiye kayan aiki, na ɗauko farin yadina na Juma'a da hula zanna, na fesa turare. Innata ta bi ni da kallo ta ce, "Yau kuma ɗaurin auren wa?" Na ce mata gaisuwa zan je. Ban biya gidan gas ba. Tunda nake zuwa Malali, ranar ce ta farko da na je hannu rabbana.

Na ajiye babur inda na saba, bayan gida, gindin tanki kusa da ƙofar kicin. Har na nufi ƙofar kicin ɗin, sai na tsaya, na zagayo ta gaba na yi sallama a ƙofar falo.

"Sikibi ne? Shigo mana," in ji Mami. "Yau ta gaba aka biyo? Kai, ka ga ango."

Tana zaune a kujerarta ta kusa da taga, ta miƙe ƙafa a kan matashi, ƙamshin man zafi da turaren wuta ya cika falon. Hoton Alhaji yana sama da talabijin, da babbar riga da tabarau. Fahad yana kwance a doguwar kujera, waya a saman fuska. Na zauna a kan kafet kamar kullum, na gaida Mami, na tambayi gwiwa, na tambayi gida, ban rage komai ba.

Fahad bai ɗago ba ya ce, "Ina gas ɗin?"

Na ce, "Mami, alfarma na zo nema. So nake Yaya Fahad ya sake fassara mana sunan nan da ya ba ni, a gabanki."

Wayar ta sauka daga fuskarsa. Ya dube ni, ya dubi farin yadin, sai ya yi 'yar dariya. "Wa ka samu ya karanta maka?"

"Wadda ta zauna a can kafin a haife ka."

"To wasa ne. Kai ba ka san wasa ba?"

"Na sani, Yaya. Amma wasan da na sani, da mai yi da wanda ake yi wa duk sun san abin da ake wa dariya."

Mami ta sauke ƙafarta daga matashi. "Me ake ciki ne? Fahad, mene ne ma'anar sunan?"

Ya mayar da ido kan waya. Don haka ni na faɗa. Na faɗa yadda Mama Lami ta faɗa min, ban ƙara ba ban rage ba, har da goge daɓen, har da kwashe fo. Ban kuma ɗaga murya ba.

Fahad ya tashi zaune. "To ƙarya na yi? Wa ke buɗe mana ramin masai? Ni abin da ya ishe ni kenan, Mami. Kullum in ji kina kiran mai yashe masai da sunan mahaifina. Mutumin da ya kai darakta a ma'aikata. Mai sunan Alhaji, Mai sunan Alhaji, a gaban abokaina. Ba zan iya ba."

Na ce, "Sunan nan ubana ne ya yanka rago ya raɗa min, ba a gidanku na are shi ba. Ramin kuwa na buɗe ne don kada Mami ta taka ƙazanta da ciwon gwiwa. Kana ɗaki ranar, ka rufe taga."

Mami ba ta dube ni ba. Ɗanta take kallo, kuma ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Da bakina ka zage shi," ta ce, a hankali. "Bakin nan da ya ƙi kama sunan ubanka saboda girmamawa, shi ka ara ka zuba wa wannan. Na faɗa a gidan biki. Na faɗa wa ƙanin ubanku a waya, na ce Sikibi yaron kirki ne. Da iyayensa sun zo Asabar, da shi zan yi musu barka." Ta ja numfashi. "Tashi ka ba ni wuri."

"Mami, wai a kan..."

"Na ce ka tashi."

Ya zari wayarsa ya shige ciki yana ƙunƙuni da Turanci, ya bugo ƙofa.

A lokacin na ga Ilham. Tana tsaye a bakin labule da tire a hannu, jug ɗin zoɓo da kofi ɗaya, cikin atamfa ruwan ganye da mayafi ruwan madara. Ban san tun yaushe take wurin ba. Na nemi mamaki a fuskarta, irin wanda na gani a ta Mami. Babu. Tsoro kawai na gani.

Na yi wa Mami sallama na fita baranda, inda kujerunmu biyu na zance suke. Ilham ta biyo ni ta ajiye tiren a ƙasa. Babu wanda ya zauna a cikinmu.

"Tun yaushe kika sani?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun ranar layyar. Na duba a waya da daddare."

"Tun layya."

"Na same shi a ɗaki mun yi faɗa, wallahi mun yi, har na yi kwanaki ba na gaishe shi. Ya ce in na tona shi zai zare hannunsa daga bikin, ya kuma zuga baffanninmu. Sai na ce bari in yi shiru, suna ne, zai mutu da kansa. Kwatsam ka zo kana murna, ka ja ni bayan gida ka nuna min a jikin babur. Jafar, ta ina zan fara? Fuskarka ranar..."

"Gara ki ɓata min fuska rana ɗaya, Ilham. Kin bar ni ina yawo da shi gari guda. Mahaifiyarki tana faɗa a gabanki safe da yamma, kina jin ta, kina zuba mata shayi."

"Na yi laifi. Ban ce ban yi ba." Ta share ido da bakin mayafi, sai kuma ta ɗago ta dube ni sosai. "Amma sau nawa na ce maka ka daina? Sau nawa na ce in ya aike ka ka ce kana da aiki? Kai ne ba ka iya cewa a'a."

"Don gidanku ne. Ba ni da digirin da zan kawo na ajiye a falon nan. Hannuna nake da shi, shi na kawo."

Iska ta taso, ganyen mangwaron gidan ya fara kaɗawa, hadarin da ya yini yana shawara ya fara sakin yayyafi.

Na ce, "Fahad bai ba ni mamaki ba, bai taɓa cewa yana sona ba. Ke ce. Zan kira Kawu Sabo in ce su dakata."

"Dakatawa ko fasawa?"

"Ban sani ba tukuna."

Ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa, wataƙila da ya fi min sauƙi. Ta durƙusa ta ɗauki tirenta, zoɓon ko taɓa shi ba a yi ba, ta tsaya riƙe da shi tana kallona har na sauka daga barandar.

Na ciro waya ina tafiya, na nemo lambar Kawu, yatsana a kai. Na zagaya bayan gida, ina shan kwanar tanki sai na ja na tsaya.

Mami ce a tsugune a bayan babur ɗina. Matar da sai an kama ta take tashi daga kujera, ta dafa taya da hannu ɗaya, ɗayan kuma riƙe da wuƙar yankan albasa, tana kankare jan rubutun nan. Yayyafi yana sauka a kan hijabinta. Ta gama da biyar, saura na ƙarshe, tana bin sa a hankali don kada ta kwarzane fenti. Guntayen sitikar ta tara su a tafin hannu, ba ta yar a ƙasa ba.

Na so in ce ta bari, na so in kama ta ta tashi. Amma suruka ce, kuma na san in na yi magana kunya za ta kama mu duka biyu. Sai na juya kai ina kallon katanga, kamar mai duba inda ruwa ke bi.

Ta gama, ta goge wurin da bakin hijabi, ta dafa ƙarfen tanki ta miƙe da kyar. Ta wuce ta gabana zuwa ƙofar kicin, ba ta dube ni ba. Sai da ta sa ƙafa ɗaya a ciki ta ce, da muryar nan tata ta da, "A gaida Kawu, Mai sunan Alhaji."

Ban yi mata godiya ba, ita ma ba ta tsaya jira ba. Ƙofar ta rufe. Na dubi wayar, ruwa ya ɗiɗɗiga a kan sunan Kawu Sabo. Na goge ta da hannun riga, na mayar aljihu, na tada babur.